Neman Mota Ta Hannu Mara Shan Mai a Abuja

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya tsaya a dandalin Eagle Square ya ce tallafin mai ya tafi, tambayar farko ta mai sayen mota ta canza. Da can sai a tambayi sanyin esi da ko kujerun na fata ne. Yanzu kowa da "ya shan manta yake?" yake farawa. Litar da ba ta kai ₦200 ba ta haura ₦500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce ₦1,000 a gidajen man Abuja. Dillalai ma sun gane inda hankalin mutane ya koma, duk motar da ka ɗora wa hannu sai ka ji an ce, "Alhaji, wannan ai sansanar mai kawai take yi."

Ƙanina ne ya tashi sayen mota, ya ce in raka shi. Yana zaune a Kubwa, aikinsa a Garki, wato kusan kilomita 30 zuwa, 30 dawowa. Kafin mu taka ƙafa ko'ina sai da muka zauna da biro da takarda. Kwana 22 na aiki, haɗe da zirga-zirgar ƙarshen mako, ya kama wajen kilomita 1,500 a wata. Motar da ke cin kilomita 12 da lita ɗaya za ta sha lita 125. Wadda ke cin kilomita 8 za ta sha kusan lita 188. Tazarar lita 63 ke nan kowane wata. A ɗauka lita ₦900 ce, kuɗin ya haura ₦56,000 a wata, sama da ₦670,000 a shekara. Wannan lissafin shi ya raba shi da mota mai injin V6, silinda shida, da ya daɗe yana sha'awa, ba sai na yi masa dogon wa'azi ba.

Abu na biyu da muka yanke a gida: ba za a zuba dukkan kuɗin a kan farashin mota ba. Kashi 15 cikin ɗari muka ware gefe don sabis na farko, taya, takardu da la'ada. Duk motar hannu, ko da yau aka sauke ta daga tirela, tana da abin da za ta ci a makon farko. Wanda ya kwashe aljihunsa kaf wurin saye, shi ne za ka gani yana yawo da tsohuwar taya da baƙin man da bai san ranar da aka zuba ba.

Sai zaɓen iri. Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008 ita muka sa a gaba. Injinta 1ZZ-FE ne, lita 1.8, silinda huɗu, da sarƙa yake aiki ba da bel ba, saboda haka babu fargabar tsinkewar taimin bel. A takarda tana cin wajen kilomita 11 da lita a cikin gari, wajen 15 a babbar hanya, tankinta lita 50. Matrix da Pontiac Vibe na waɗannan shekarun yawancinsu injin ɗaya ne da ita, sai dai sun fi ta ɗan nauyi da tsayi. Yaris mai injin 1.5 ta fi su duka tsimi, amma ga mai iyali da ke zuwa gida da buhun masara a but, ta yi kaɗan. Camry mai injin 2.4, wadda ake kira Big Daddy da wadda ta biyo ta, Muscle, tana wajen kilomita 9 a gari, 13 a hanya. Ta fi daɗin zama nesa ba kusa ba, amma injin 2AZ-FE na 2007 zuwa 2009 ya yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai saboda ringin fistin, sai an bincika sosai. Honda Accord, waɗanda ake kira EOD da DC, injinta na da ƙarfi kuma farashinta ya fi na Toyota sauƙi. Matsalarta a ƙafa take: bol join na ƙasa in ya gaji ba a canza ba, ko aka sa na jabu, shi ne kake ganin tayar gaba ta kwanta a tsakiyar titi. Ba laifin motar ba ne kaɗai, rashin dubawa ne, amma dole mai saye ya san da shi.

Corolla daga 2014 yawancinsu giyar CVT gare su, wato otomatik mara matakan giya. Tana rage shan mai, sai dai man giyarta na musamman ne, in aka zuba mata na gama-gari ta tafi ke nan, kuma kuɗin motar ya fi ƙarfin abin da muke da shi. Peugeot 406 har yanzu tana da masoyanta a Arewa, da kanikawan da suka san ta ciki da bai, amma samun wadda wayoyinta ba su sha hannu ba sai an wahala. Mun bar ta.

Akwai kuma tambayar da kowa ke yi: 'yar Beljiyam ko wadda aka hau a gida? Sunan Beljiyam ne kawai ya zauna, yawancin Corolla da Camry da ake kawowa yanzu daga Amurka da Kanada suke, da yawansu kuma daga gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta ci, wanda kamfanoni irin su Copart da IAAI ke yi. Farashinsu yana bin dala da kuɗin kwastam, abin da aka faɗa maka wannan watan ba shi ne na wata mai zuwa ba. Ta gida ta fi araha, amma ta sha hanyarmu, ta sha manmu, ta sha hannun kanikawanmu. Ni a ganina babu wadda ta fi wata a suna. Na ga 'yar Beljiyam da ta kwana a cikin ruwa, na ga ta gida da mai ita ya riƙe kamar ƙwai. Yanayin da motar take ciki ran da ka same ta, shi ne magana.

Mun yi kwana huɗu muna zagaye: wuraren sayar da motoci na gefen titin Kubwa, na Kugbo a hanyar Nyanya, da na Lugbe a hanyar filin jirgi. Mun tafi da bakanikenmu na Apo, wanda mu muka biya shi kuɗin yininsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bakaniken da dillali ya kira maka, ko wanda ka ɗauka kyauta, sau da yawa yana da nasa kason a cikin cinikin, idonsa ba zai ga abin da zai ɓata shi ba. Mun kuma tafi da ƙaramar sikana, wato na'urar da ke karanto matsalolin da kwamfutar mota ta adana, da tocila, farin tsumma da ɗan maganaɗisu.

Doka ta farko da muka kafa wa kowane mai mota ita ce kada a tayar da injin kafin mu iso. Da safe muke zuwa, abin da bakanike ke fara yi shi ne ɗora bayan hannunsa a kan injin. In da ɗumi, an riga an tayar, kuma yawanci da dalili. Injin da ya kwana a sanyi ba ya iya ɓoye komai: ƙarar sarƙa, bugun fistin, hayaƙin farko, duk a daƙiƙun nan na farko suke fitowa, da ya ɗau zafi sai su lafa.

Kafin a tayar, sai a murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, a tsaya a ƙirga su. Wutar cek injin, ta birkin ABS in motar na da shi, da ta iyabag dole su kama, sannan su mutu da kansu bayan injin ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, ba lafiya ce ta hana ta ba, cire ƙwan aka yi ko aka liƙe shi da baƙin tef. Motar farko da muka duba a Kugbo, Corolla mai sheƙi kamar a lasa, wutar cek injin ɗinta ba ta kama ba ko kaɗan. Da muka sa sikana a sokat ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, sai ga P0171 da P0420 suna zaune. Na farko na nufin iska ta fi mai yawa a haɗin da ke shiga injin, kwamfutar motar kuma sai ta riƙa ƙara mai don ta cike giɓin. Na biyu na nuna indomi, wato matatar hayaƙi da ke jikin salansa, ta mutu ko an cire ta. Dillalin ya ce, "Yallaɓai, wannan ai ƙaramin abu ne, goge shi ake yi." Gogewa ba gyara ba ce, muka yi masa sallama.

Ita sikanar ma akwai yadda ake yaudararta. Wasu na goge lambobin matsala da asuba kafin mai saye ya iso, ka sa na'ura ta nuna maka babu komai. Sai a shiga shafin da ke nuna ko kwamfutar motar ta kammala gwaje-gwajenta na cikin gida. In yawancinsu suna nuna ba a kammala ba, to kwanan nan aka goge ko aka cire batir. Sai a yi tafiyar minti 20 zuwa 30 a sake dubawa. Wani abin dubawa a nan shi ne adadin man da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa na dogon lokaci, wanda sikana ke rubutawa LTFT. In yana tsakanin 10 sama da 10 ƙasa, da sauƙi. In ya kai 15 ko 20, akwai inda iska ke satar hanya, ko sensar iska ta yi datti, ko famfon mai ya gaji, kuma motar tana shan fiye da ƙa'idarta ko da sunanta Corolla.

A nan nake so mai karatu ya tsaya da kyau, domin a nan kuɗin mai ke zurarewa ba a sani ba. Yawancin motocin da suka daɗe a hannun kanikawanmu an cire musu tamostat, an kuma haɗa fanka kai-tsaye. Hujjar da ake bayarwa ita ce wai don ƙasar sanyi aka yi shi, mu nan zafi gare mu. Wannan kuskure ne babba. Aikin tamostat shi ne ya tare ruwa a cikin injin har ya kai zafin da aka tsara masa, wajen digiri 82 a waɗannan Toyota, sannan ya buɗe ruwan ya zaga lagireto. Kwamfutar mota tana kallon zafin ruwan nan. Muddin ta ga injin bai ɗau zafi ba, sai ta ci gaba da ba shi mai da yawa, kamar yadda ake ja wa tsohon babur cok da safe. In an cire tamostat, fanka kuma na hurawa ba tsayawa, musamman a titin da ba cunkoso irin na Kubwa ko da sanyin hunturu, injin na iya yin tafiyar gaba ɗaya bai kai zafinsa ba. Mai na ƙonewa a banza, fulogi na yin baƙi, ragowar man da bai ƙone ba na wanke bangon silinda yana gangarawa cikin baƙin mai.

Ganewa ba wuya. Kashe esi, ka murɗa makulli da injin sanyi. In fanka ta tashi nan take, an haɗa ta kai-tsaye. Sannan ka kalli allurar zafi: cikin minti goma na tafiya ya kamata ta hau zuwa kusan tsakiya ta tsaya cak. In tana kwance a ƙasa bayan ka yi kilomita goma, babu tamostat. Sikana za ta ba ka lambar kanta, lafiyayyen inji yana zama tsakanin 85 da 95. Wannan matsalar ba ta hana saye, gyaranta bai da tsada. Abin tambaya shi ne me ya sa aka cire. Wani lokaci al'ada ce kawai, wani lokaci kuma motar ta taɓa yin zafi ne aka ɓoye ciwon maimakon a magance shi.

Don haka sai a bi sawun gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin tof silinda da jikin injin. Da injin sanyi, a buɗe murfin lagireto, a tayar, a zuba ido. Kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa alama ce iskar silinda na shiga ruwa, gaskit ya ƙone ko tof silinda ya lanƙwashe. Kada a kuskura a buɗe murfin nan da injin zafi, ruwan na iya fesowa ya saɓule fuska. A buɗe murfin baƙin mai a duba cikinsa: in da wani abu fari-fari kamar madarar da aka dama da shayi, ruwa ya haɗu da mai. A leƙa cikin ramin da tocila, ƙarfen ya kasance launin zuma, ba baƙin dasƙararren datti kamar kwalta ba. A zaro geji a goge a farin tsumma, a murza man tsakanin yatsu. Wata Camry da muka gani a Lugbe, man da ke jikin gejinta sabo ne fes, amma da bakanike ya ɗaga shi sai ya riƙa bin geji a hankali kamar zumar da ta kwana a sanyi. An zuba mata mai kauri ne, irin 20W-50 har da ƙarin maganin kauri, don a danne hayaƙi. Ya sa aka bar ta tana aiki a tsaye minti biyar, sannan ya ce a taka totur da ƙarfi. Shuɗin hayaƙi ya turnuƙe bayanta. Shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, baƙi fetur ne ya yi yawa, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan injin ya yi zafi kuma ruwa ne.

Game da indomi, a leƙa ƙarƙashin mota a ga ko akwai sabon walda a jikin tukunyar da ke kusa da injin. Ana fasa ta a kwashe abin da ke ciki a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke jikinsa, a mayar da fanko. Rashinta kaɗai ba shi ke sa mota shan mai sosai ba, amma masu cirewa sukan lalata sensar oksijin ta gaba ko su yanke wayarta, ita kuwa wannan sensar da ita kwamfuta ke auna man da za ta bayar. Ga warin hayaƙi da ke shigowa ciki, wanda yara ke shaƙa a kujerar baya.

Motar da ta fi ba ƙanina sha'awa 'yar Beljiyam ce a titin Kubwa, ba a ma yi mata lamba ba. Injin na kaɗawa lafiya, fenti kamar sabuwa. Abin da ya fara damuna shi ne ƙamshin turaren da ya yi yawa a ciki. Na ja bel ɗin kujerar direba har ƙarshensa, sai ga wani layi mai ruwan ƙasa ya ratsa shi, daga nan zuwa ƙasa launin ya dushe. Muka tura kujera baya, ƙarfen da take gudu a kai ya yi tsatsa. Bakanike ya ɗaga gefen kafet ya sa yatsa, ya fito da busasshen laka mai laushi kamar garin kuka. A ramin safaya ma haka. Ya buɗe akwatin fiyus na ƙarƙashin sitiyari, bakin wayoyin sun yi kore. Ƙanina ya ce, "Yaya, amma fa tana aiki lafiya." Tana aiki yau. Motar da ruwa ya ci, wayoyinta na ruɓewa ne daga ciki a hankali, bayan wata shida gilashi ya ƙi sauka, bayan shekara giya ta fara ruɗewa, mai waya ya zama abokinka na kullum.

Lambar shasi tana taimakawa ƙwarai a nan. Haruffa da lambobi 17 ne, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kuma jikin takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofa. Su zama iri ɗaya da juna da kuma abin da ke cikin takardu, harafi da harafi. A motocin Amurka, na goma shi ke faɗin shekara: 5 na nufin 2005, 8 na nufin 2008, A kuma 2010. Da wannan ake kama masu canza bamba da fitilu su sayar da tsohuwa da sunan sabuwar shekara. Da lambar kuma ake sayen rahoton tarihin mota ta intanet, irin na Carfax, a ga haɗari, ambaliya da adadin tafiyar da aka rubuta mata na ƙarshe. Mu tuna agogon motar Amurka da mil yake ƙirga, sai an ninka da 1.6 a samu kilomita. Agogon ma ana mayar da shi baya cikin minti kaɗan, saboda haka robar birki, fatar sitiyari da gefen kujerar direba sun fi shi gaskiya.

Bodi ba mu ɓata masa lokaci mai yawa ba. Maganaɗisu a cikin tsumma, a bi ƙofofi da fenda, inda ya ƙi kamawa an cika fila. Ƙaramin karo ba abin damuwa ba ne. Wanda ba a yafewa shi ne walda ko lanƙwasa a ƙarafan shasi na gaba, domin irin wannan motar ba ta ƙara miƙewa daidai, za ta yi ta cin taya ta gefe ɗaya.

Ta shida ita muka tsaya a kai: Corolla 2006, ta gida, hannu ɗaya, wani ma'aikaci da ya yi ritaya zai koma garinsu. Fentin bonet ya ƙone da rana, fanka kai-tsaye, babu tamostat, tayoyin gaba sun tsufa. Amma injin ya tashi shiru a sanyi, babu hayaƙi, babu kumfa a lagireto, ƙasan murfin mai tsaf, indomi ba a taɓa ta ba. Man giya ja ne da ya ɗan yi duhu, ba ya warin ƙuna. Da aka taka birki aka sa R, sannan D, ta shiga cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ba tare da duka ba.

Gwajin hanya ba zagayen layi ba ne. Mun sa mai da kuɗinmu, muka ɗauki mai motar, mu huɗu a ciki da esi a kunne. Muka gangara Karu muka juyo, muka hau Kugbo, domin hawa da kaya shi ke tona giyar da ke zamewa da injin da ke yin zafi. Allurar gudun inji ba ta tashi ita kaɗai ta bar motar a baya ba. Daga nan muka miƙe titin Kubwa muka kai 100, sitiyari bai yi rawa ba, ba ta ja gefe da aka taka birki ba. A fili muka murɗe sitiyari har ƙarshe muka zaga hagu da dama, babu ƙas-ƙas ɗin shaf. Sannan muka wuce Apo aka ɗaga ta, aka girgiza kowace taya, aka duba bol join, tairod, bushin da ɗigon mai. Shoka ɗaya ta baya na zubar da mai.

Takardu suka ci mana kwana biyu, kuma ba mu ba da ko kafin alƙalami ba sai da suka kammala. Na farko takardun kwastam, ko da motar ta yi shekara goma a ƙasa. Mun kai lambar takardar da lambar shasi ofishin kwastam aka tabbatar an biya duti, kuma na wannan motar ne ba na wata ba. A Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, don haka sabuwar shigowa da aka ce ta Kwatano ta biyo, a yi hattara, jami'an kwastam na iya kama ta a hanya ko a hannun wa take. Sai takardar mallaka, lasisin mota, takardar da aka ba da lamba da ita, da shaidar lafiyar mota. Sunan da ke jiki ya zama na wanda ke tsaye a gabanka da katin shaidarsa. An duba lambar a rumbun hukumar kiyaye haɗurra, an kuma duba rajistar 'yan sanda don a tabbatar ba a taɓa kai rahoton sace ta ba.

Ciniki ya zo da sauƙi saboda da takarda muka taya. Bakanike ya rubuta kuɗin tamostat, gyaran wayar fanka, taya biyu, shoka biyu da fentin bonet, muka ajiye a gaban dattijon. Ya ce albarka sau biyu, a na uku ya sallama, aka cire kusan dukkan abin da ke takardar banda fenti. La'adar dillali tun kafin a ga motar muka yanke ta, muka kuma tambaya ƙarara mutum nawa ne a tsakani, domin mota ɗaya na iya ratsa hannun dillalai uku kowa ya ɗora nasa. An rubuta yarjejeniya da lambar shasi, lambar inji da farashi, shaidu biyu suka sa hannu, aka tura kuɗin ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai motar. Muka karɓi makulli biyu. Canjin suna a ofishin VIO na Mabushi muka yi, da takardar rantsuwa ta kotu. Inshorar da doka ta wajabta ₦15,000 ce tun Janairun 2023, tana biyan ɓarnar dukiyar wani har ₦3,000,000, kuma a duba ta a rumbun bayanan inshora na NIID kafin a bar wurin, don ta bogi ta yi yawa a bakin ofisoshi.

Ranar farko aka juye baƙin mai, aka zuba 5W-30 kusan lita huɗu da sabuwar filta. Man giya T-IV, aka sauke abin da ya fito ta ƙasa, wajen lita uku, aka mayar da daidai shi, ba a wanke giyar da na'ura mai matsi ba, tsohuwar giya ba ta son shi. Tayoyi biyu sababbi aka sa, bayan mun karanta lambobi huɗun ƙarshe na DOT da ke jikin taya masu nuna lokacin da aka ƙera ta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Iska 30 kamar yadda takardar ƙofa ta ce, ba 45 da masu faci suka saba bugawa ba.

Kafin a taɓa tamostat sai muka auna shan manta yadda take. An cika tanki har bakin famfo ya tsaya da kansa, aka mayar da agogon tafiya sifili. Bayan mako aka koma famfo ɗaya aka sake cikawa: mil 250, wato kilomita 400, lita 40. Kilomita 10 ke nan da lita. Sannan aka sa tamostat na asali, aka mayar da fanka kan rile ɗinta, aka zubar da ruwan famfon da ke lagireto aka sa jan kulant, aka canza fulogi huɗu da filtar iska, aka fesa wa sensar iska maganinta ba tare da an taɓa siririyar wayar ciki ba. Tanki na biyu, hanya ɗaya, direba ɗaya, esi a kunne: mil 290, kilomita 464, lita 36. Ya kusa 13.

Saura shokokin baya, za a canza su biyun tare a ƙarshen wata. Bayan nan zai kai ta Jos ta Keffi da Akwanga, na ce masa ya cika tanki a Mararaba, ya sa ido kan allurar zafi a Hawan Kibo, ya rubuto min litar da ta sha in ya isa.